Ni Na Kayar da Baba

Babana bai taɓa faɗuwa ba. Ba a cikin jirgin metiro nake nufi ba, can kam yana faɗuwa fiye da kowa, don ya ce riƙe ƙarfe aikin tsofaffi ne. A filin kokowa nake nufi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kokowa a ƙauyukan da ke kewaye da Tawa kafin ya zo Faransa, kuma ko sau ɗaya bayansa bai taɓa rairayi ba. Duk wanda ya taɓa shan shayi a unguwarmu ta Goutte d'Or a Paris ya ji wannan labari. Na tabbata har tantabarun unguwar sun haddace shi.

Yanzu akwatunan kifi yake ɗauka a kasuwar Rungis. Yakan dawo da safe, lokacin da nake shirin tafiya lakwal, wato makaranta, yana warin teku da ƙanƙara. Ba shi da gida, ba shi da mota, Faransancinsa na kasuwa ne, ba ya wuce "ɗauko", "ajiye" da "yi hankali". Abin da yake da shi shi ne bayan nan da bai taɓa ƙasa ba.

Ni ce mai karanta masa takardu tun ina shekara tara. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. In takarda ta zo, sai ya zauna a kan darduma ya miƙo mini.

"Uwata, mi sunka ce?"

Ni kuwa ba na iya fassara ba gishiri. In masu gida sun rubuto cewa a daina barin takalma a bakin ƙofa, sai in ce suna gaishe shi, suna tambayar inda yake sayen takalma masu kyau haka. Ya san ina ƙarawa. Yakan ja mini kunne ya ce in faɗi ta gaskiya, sai in faɗa. Haka muke.

Ina shekara goma sha shida na ga sanarwa a talho, wato wayar hannu: wani kamfanin wasan bidiyo a Lyon yana neman ɗan kokowar gargajiya. Na tura musu hoton Baba ya rungumo firijinmu shi kaɗai yana hawa bene da shi. Cikin mako ɗaya suka amsa.

A takardar da suka aiko an rubuta aikinsa da kalmomi biyu, kuma ni da nake buga irin waɗannan wasanni na san ma'anarsu sarai. Abokin gwaji. Shi ne mutumin da ake tsayar maka a farkon wasa, ka koyi danna maɓalli a jikinsa. Ba ya kai hari, ba ya ramawa. Ka kayar da shi, ya tashi, ka sake.

"Mi sunka ce?"

"Baba, sun ce babu wanda zai shiga wasan nan sai ya fara gamuwa da kai."

"Kowa da kowa?"

"Ko shugaban ƙasa ne."

Ban yi ƙarya ba, haka na gaya wa kaina. Na jira ya ja mini kunne ya ce in faɗi ta gaskiya. Bai ja ba. Tashi ya yi ya shiga ɗaki, ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, wadda ban taɓa ganin an buɗe ba. Walkinsa ne a ciki, da layu, da wani guru mai ƙananan madubai. Ya daɗe yana shafa fatar da tafin hannu. Na buɗe baki in gyara maganata, sai na tuna ban taɓa shiga jirgin ƙasa mai gudu ba, na rufe.

Mama ta haɗa mana guzurin da zai ciyar da rabin Lyon. A cikin jirgi Baba ya rungume jakar a cinya har muka sauka. Da muka tsallake gada ta biyu ya leƙa ƙasa ya girgiza kai.

"Gulbi biyu cikin gari guda, kuma ba wanda ya shuka ko albasa."

Wurin aikin wani babban ɗaki ne fari, kyamarori sun kewaye shi kamar 'yan kallo. Aka ba Baba wata baƙar riga mai ɗame jiki tun daga wuya har idon sawu, an manna mata fararen ƙwallaye. Da ya fito ya yi kama da tarwaɗar da ta yi ƙyanda. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

"Juya bayanki, marar kunya," in ji shi, amma shi ma yana murmushi.

Ya so ya ɗaura gurunsa a kan rigar. Matar da ke jagorantar aikin, wata doguwa mai gilashi, ta ce madubin yana rikita kyamarori. Baba ya kwance shi a hankali ya ɗora mini a hannu, da layun duka.

"Riƙe. Kar su taɓa ƙasa."

Da safe komai ya tafi daidai. Ya nuna musu takun shiga fili, yadda ake duƙawa ana lilo da kafaɗa, hannu ɗaya a gaba yana neman kamu. Suka kawo wani ƙaton saurayi mai zuwa gidan motsa jiki ya kama da shi. Baba ya ɗaga shi kamar akwatin kifi, ya tambaye ni in tambaye su ina za a ajiye. Daga nan suka tsayar da shi gaban makirufo ya yi kirari. Ya ja wani dogon numfashi, ya sake shi da ƙarfi, "Hah," sannan ya fara: shi ne kututturen bakin tafki, shanu sun goga sun gaji, ruwa ya zo ya koma. Ban taɓa jin wannan muryar a gidanmu ba. Mai riƙe da makirufon ya ja baya taku biyu.

Bayan ya yi azahar a wani lungu, matar ta duba takardarta ta ce yanzu sai faɗuwa. Aka shimfiɗa katifa shuɗiya. Suna son ta baya, ta gefe, ta fuska, ta gwiwa, kowace iri.

Baba ya dube ni. "Mi ta ce?"

Na san in na faɗi ta gaskiya zai cire rigar ya nemi hanyar tasha, ko da a ƙafa zai koma Paris. Mutum takwas suna kallona. Layunsa suna hannuna, sun yi ɗumi.

"Ta ce ka nuna musu yadda waɗanda ka kayar suke faɗuwa."

Fuskarsa ta buɗe. "A'a, wanga ai sai mu kwana nan."

Ya hau katifar. "Wanga na Ƙonni ne. Ya zo da makaɗa huɗu. Ga yadda ya hwaɗi." Ya ɗaga ƙafa ɗaya sama, ya buɗe baki, ya tafi ta baya, rim. Ɗakin ya ɗauki tafi. Ya tashi yana haki. "Wanga kuma wani dogo ne, mahauci. Shi da hanci ya sauka." Ya yi. Sai wanda ya faɗi yana kiran uwarsa, sai wanda ya zauna daɓas yana waige-waige ko ba a gani ba. Yana ba da labari, ina fassarawa, wannan karon ba ƙari, don ba ya buƙata. Turawan suna share hawayen dariya. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin wata rana kamarta ba, har na manta abin da nake yi.

Kafin mu tafi suka ɗauki hoton fuskarsa ta kowane gefe. Na ja matar gefe na tambaye ta ko fuskar za ta fito a wasan. Ta ce a'a, za su sauya ta, mai kama da shi kawai za a gani. Na riƙe wannan magana fiye da shekara, kamar yadda na riƙe layun.

Da wasan ya fito, Alhaji mai shagon talho na kan kwana ya ce a shagonsa za a buɗe, don telensa ya fi bangon ɗakinmu faɗi. Ranar Lahadi ce bayan la'asar. Aka ture kwalaye, aka jera kujeru, aka ɗora shayi. Mutanen Tawa suka zo, da na Damagaram, da 'yan Cadi biyu masu ɗinki, da wani Malam ɗan Kamaru mai karanta Faransanci da ke zaune a benen ƙasa da namu. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin awa. Baba ya sa babbar rigarsa ta sallah.

"Wa ya iya abin nan?" in ji Alhaji, yana juya manet ɗin, abin danna wasan, kamar ya tsinci kaguwa.

"A ba Uwata," in ji Baba. "Ita ta kai ni."

Na kunna. Sai ga shi tsaye a tsakiyar fili. Sun sauya shi, gaskiya ne. Sun aske masa kai, sun ƙara masa wuya, sun sa masa wani suna da ba na kowace ƙasa ba. Amma tsagen gidansu da ke kumatunsa sun bar shi, layi uku kowane gefe. Ina jin sun ɗauka tabon faɗa ne. Kuma ga duƙawar, ga lilon kafaɗar, ga hannun yana neman kamu.

"Wallahi shi ne," in ji Alhaji. "Ku dubi tsayuwa."

"Ashe ka shiga duniya ba ka gaya mana ba," in ji ɗaya daga cikin masu ɗinkin.

A gabansa ga wani siririn Bature mai jan wando, wato ni. A saman tele rubutu ya fito yana ce mini in danna maɓalli. Na yi kamar manet ɗin ya lalace. Na busa shi, na girgiza shi, na ce ina jin batir ne.

"Danna mana, Uwata, su ga aiki."

Na danna.

Ƙafa ɗaya ta tashi sama, baki ya buɗe, ya tafi ta baya. Da ya bugi ƙasa sai aka ji "Hah". Numfashin farkon kirarinsa ne. Shi kaɗai suka ɗauka, suka mai da shi nishin wanda ya sha ƙasa.

Ana jin butar shayi tana huci.

"Na Ƙonni ne," in ji Baba, a hankali, kamar yana gyara wa wani kuskure. "Wanga hwaɗuwar na Ƙonni ce."

Mutumin cikin tele ya tashi ya koma tsayuwarsa, da tsagen Baba a kumatu.

"To yanzu zai rama," in ji Malam. "Ku jira."

Suka jira. Yana ta lilo da kafaɗa, bai rama ba.

"Ba ya ramawa," na ce. "Ba a kuma iya zaɓensa. Shi ne na koyo."

Da sun yi dariya da ya fi sauƙi, don Baba ya iya mai da martani, ni ma na iya. Amma kirki suka yi masa. Alhaji ya ce ai abin yara ne. Wani ya ce Turawa ba su san kokowa ba. Wani ya miƙa masa shayi da hannu biyu, yadda ake miƙa wa wanda aka yi wa rasuwa. Baba ya karɓa, ya sha, ya yi godiya, ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya.

A hanya ina bin bayansa ina zuba. Na ce zan rubuta musu takardar da za ta sa su kuka. Na ce zan je Lyon in kayar da matar nan da gilashinta. Bai juyo ba sai a bakin ƙofa.

"Ranar nan, da ta yi magana, kin ji abin da ta ce?"

"Na ji, Baba."

"Tun a takarda?"

"Tun a takarda."

Na miƙa masa kunnena. Ya dube shi, ya buɗe ƙofa ya shiga.

Bai hana ni komai ba, bai gaya wa Mama ba. Ya daina zama a shagon Alhaji. Labarin na Ƙonni, wanda na sha roƙon Allah ya raba ni da shi, ban sake jin sa ba. Wani lokaci a cikin aji nakan tuna cewa a daidai wannan minti wani yaro a wata ƙasa da ban san sunanta ba yana cin biskit yana kayar da babana, sai in kasa jin abin da malama ke cewa.

Wata Asabar da safe na fito na tarar da shi zaune a darduma da kayan aikinsa, bai ko yi wanka ba. Ban san yadda ya koyi kunna wasan ba. Manet yana gefe a ƙasa. A tele mutumin yana tsaye yana lilo, rubutun yana ta walƙiya a samansa. Na sunkuya zan kashe.

"Bar shi," ya ce. "In ba a taɓa ba, tsaye yake."

Na zauna nesa kaɗan, muka kalla tare har Mama ta kira mu karin kumallo. A kan tebur akwai wata takarda da ta zo tun jiya, ba a buɗe ba. Na goge hannuna na miƙa zan ɗauki takardar. Baba ya riga ni. Ya sa ta a aljihu, ya zura takalmi, na ji takunsa yana sauka bene ɗaya, na ji yana yi wa Malam sallama.