Tafintan da Muka Kai wa Baba Magini

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da wani malamin sakandare ɗan Gana, a bayan wata akori-kura da ta girme mu duka. 'Yan'uwa da yawa sun tambaye ni yadda tafiyar ta kasance, na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta, don maimaita ta da baki yana yi mini nauyi.

Ga abin da ya fitar da mu. Wani manomin albasa daga Horo Birni ya aiko cocinmu cewa akwai tsoho Kirista a gidansa, ɗan Gana, magini. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi ana gab da ba baƙi wa'adin barin ƙasa, abokan aikinsa suka tafi suka bar shi. Ciwon ya ɗauke masa Hausar da ya yi shekaru yana yi, ya bar masa harshen uwarsa kaɗai. Kullum yana nanata wata magana yana kuka, ba mai ji. Nan take na ce ai wannan mai sauƙi ne, muna da ɗan Gana a coci, kuma umarnin bai shafi malaman makaranta ba.

Hanya ba laifi har Boɗinga. Daga nan direba ya fara kashe mota a kowace gangara don tattalin mai, mu kuma muna tattalin numfashi. A Sifawa muka tsaya karyawa. Ƙosai ya ƙanƙance, kamar an tsorata shi, mai shayi kuma ya ce madara sai wanda ya san wani. Abokin tafiyata ya sha nasa baƙi, ya ce a ƙasarsu sun riga mu saba.

Kafin Shagari muka wuce wasu gine-gine da aka bari ba rufi, awaki na kwance a ciki. Na san wurin. Shekarun baya na sha zuwa yin sujada tare da ma'aikatansa, Tibi da Ibo da Dakarkari da 'yan Gana, kowa na jin kowa muddin aiki na tafiya. A lokacin duk ƙasar nan mun haɗa kai a kan cewa ƙarfinmu ya ishe mu, ba mai tuna Wanda ya ba da arzikin. Na taɓa yi musu wa'azin hasumiyar Babila a gindin ginin nan, yadda mutane suka haɗa baki za su yi wa kansu suna ba da Allah ba, ya raba harshensu suka watse. Har na kwaikwayi magini yana neman tubali ana miƙo masa ruwa, aka yi ta dariya. Ban san ko tsohon yana cikin masu dariyar ba.

Daga Shagari a ƙafa muka ƙarasa, ta cikin gonakin da aka girbe. Mai gidan ya tare mu da fura, ya kai mu ɗakin zaure.

"Shi ya gina min ɗakin ga," in ji shi. "Ina za ni kai shi? Ban jin abin da yaka hwaɗi, amma na san in shina son ruwa."

Tsohon na kwance a kan tabarma, tsaf da shi, an yi masa aski. Da na ce, "Baba, ga ɗan ƙasarku na kawo maka," sai idonsa ya buɗe, ya damƙe hannun malamin da hannunsa mai lafiya, magana ta ɓalle masa kamar an fasa tulu. Malamin ya durƙusa ya kasa kunne. Ya amsa da harshensa. Tsohon ya tsaya, ya sake farawa a hankali. Malamin ya gwada Turanci, ya gwada wani harshen da ya ɗan tsinta. Daga nan ya ɗago ya dube ni.

"Malam, wannan mutumin arewa ne. Ni daga kudu nake. Ko kalma ɗaya ban ji ba."

Kunya ta rufe ni. Ni da nake fushi in baƙo ya ɗauka duk ɗan Arewa Bahaushe ne, ban taɓa tambaya ko harshe nawa ne a Gana ba. Tsohon ya saki hannun malamin, ya juya fuskarsa bango. Wannan juyawar ta fi kukansa yi mini ciwo, don mu muka sa masa rai.

Muka yi masa addu'a da Hausa. Da ya sake soma maganar tasa, na ciro takarda na rubuta sautin yadda ya shiga kunnena, layi huɗu. Akwai kalma ɗaya da yake maimaitawa yana nuna tsawon yaro da hannu. Mai gidan ya ce yana zaton sunan ɗiyarsa ne.

Mun iso gida bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, hukuncin Babila gaskiya ne, girman kai kuma yana rushe abin da ya gina, amma ba labarin dariya ba ne, kuma ba zan ƙara ba da shi da dariya ba. Nauyinsa yakan faɗo ne a kan mutum ɗaya a ɗakin wani, yana kiran nasa.

Kwana biyar ina yawo da takardar a Sakkwato, ina karanta wa duk ɗan Gana da ya rage. Ba wanda ya gane. Jiya manomin ya sake aikowa. Ya ce ba sai mun nemi tafinta ba, mu zo da wanda ya san yadda muke binne namu.