Zanen da Yaya Habu ya bari a bango

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana Habu, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Bai ga wayar hannu a Dutse ba, amma ya bar zanen ƙwaƙwalwar irinta a bangon shagonsa na gyaran rediyo a Limawa.

Da gawayi ya yi shi, akwatuna da kibiyoyi tun daga ƙasa har kusa da rufi. Shi ya yi karatun lantarki, ni kuwa a aji biyu na ajiye biro. In na tsaya kallo sai ya ce, "Sale, ka ga mata a kan gero? Wata na sussuka, wata na shiƙa, wata na surfe, babu hannun da ke zaune. Haka nake so lissafi ya riƙa tafiya a cikin abin da bai kai farce ba." Babban ciwonsa kada abin ya riƙa cinye batir a banza. Ya ce ba a ɗaura wa sa amalanke don ɗauko ƙullin gishiri.

Yau abin yana aljihun kowa, wasu can suka ƙera. Da zai leƙo, me zai gani? Mu zagi ɗan siyasa da shi da safe, mu roƙe shi da yamma. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To namu ko rarrafen ba su yi ba. Gidanmu har da masu digiri, babu wanda ya taɓa tsayawa gaban bangon.

Bana ɗana Nura ya nemi shagon zai buɗe cajin waya. Matarsa na da ciki, ba shi da sana'a. Na ce ya ɗauka, amma ban da fenti.

"Baba, wa zai ba ni ajiyar waya a ɗakin gawayi? Gaya min abin da zanen ke cewa, wallahi in bar shi."

Na buɗe baki, gero kawai na tuna. Shekarun da na yi ina zama a shagon nan, ina shan shayin Yaya Habu, iyakar guzurina ke nan.

An yi fentin ranar Asabar. Da ya bushe, layukan gawayin suka leƙo dishi-dishi a bayan wayoyin cajin. Nura ya ce a ƙara shafi na biyu. Na ce a bari, ko Allah zai sa ɗan da ke cikin matarsa ya fi mu tambaya.

Allah ya jiƙanka, Yaya.