Jar Motar Gwangwani

Mota ɗaya na taɓa saya duk rayuwata. Tsawonta kamu ɗaya da ɗan ɗori, kuma da gwangwani aka yi ta.

Ta gasken ta wani Bafaranshe ce mai sayen gyaɗa a Magariya, zamanin da mulki ke hannunsu. Kowa Mushe yake ce masa. Ni a lokacin saurayi ne, na baro ƙauyenmu da ke kusa da Yekuwa na zama karen motar wani kamiyo mai jigilar gyaɗa zuwa Kano. A nan na koyi tuƙi, har na je Damagaram na samo farmi, wato takardar izinin tuƙi. Mushe yana da rauni a ƙafar hagu tun daga yaƙinsu, ba ya iya daɗewa yana taka kuloci, shi ya sa ya nemi direba. Aka kai ni.

Ranar da na fara ganinta tana ƙarƙashin wani gawo a bayan gidansa. Ja ce wur, gajeriya, in ka zauna ciki kana iya taɓa ƙasa da hannu. Kujera biyu tak. Ba rufi, sai ɗan tamfol da ake naɗewa baya. Hancinta dogo, an ɗaure murfin injin da ɗamarar fata kamar sirdi, ƙafafunta na waya irin na keke. Tun a lokacin tsohuwa ce. Mushe ya ce mahaifinsa ya yi tsere da ita a ƙasarsu tun shi bai fara gemu ba.

Gaskiya ba motar ƙasarmu ba ce. Ko yaya ta ga rairayi sai ta kafe, mu yi ta kiran mutanen gona su tura. Amma in ta sami hanyar burji mai ƙarfi, ba abin da ke kama ta. Akwai wata safiya bayan girbi, muna tafiya Dungas, hanya ta miƙe fayau ba kowa. Mushe ya cire hularsa ya danne ta da cinya, ya ce da ni da Hausarsa mai tuntuɓe, "Bar ta, ta gudu." Na taka. Karan gero ya zama zane ɗaya a gefena, zabi suna tashi sai bayan mun wuce su, iska ta cika mini ido da hawaye. Na ji ina ihu, na waiwaya don kunya, sai na ga shi ma ihun yake yi.

Shekara uku na yi da ita. Ni ke wanke ta, ni ke shafa wa fatar kujerun mai. Na san tarinta na safe, na san ƙarar da take yi in tana son ruwa.

Sai mahaifina ya rasu. Ni ne babba, ƙannena ƙanana, ga gona ga shanu. Inna ta aiko kawuna ya zo har Magariya, ya ce ba zai koma ba sai da ni. Mushe ya ce, "Je ka, in ka gama ka dawo." Aikin gona ba a gama shi. Kafin shekara ta zagayo na ji ya bar aikin gyaɗa, an ga jar motar ta nufi Kano, ba ta dawo ba.

Na zauna na yi noma. Na yi aure, Allah ya ba mu ƴa mace. Ba zan ce na sha wahala ba, rumbunmu bai taɓa zama fanko ba. Amma in ina noma na jiyo kukan kamiyo daga nesa, sai in tsaya da hauya a hannu har ƙarar ta ɓace. In ina kan amalanke muka zo gangara, ƙafata ta dama sai ta shiga neman birki a jikin katako. Matata ta lura, takan yi dariya ta ce, "Maigida, shanu ne fa."

Wata ranar kasuwa, bayan shekaru da yawa, na je Magariya sayen fitila. Na shiga layin maƙeran fari, masu yin aci-balbal da mazurari da gwangwanin kananzir. A rumfar wani tsoho, can saman tarin fitilu, na hango ta. Ƴar ƙarama, ba fenti, amma dogon hancin nan da kujeru biyu ba su ɓoyuwa. Na tsaya cik kamar na ga wanda ya mutu.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, waccan fa?"

Ya ce, "Wasa ne na hannu. Akwai wani Bature da can mai irinta. Wata rana ta tsaya nan bakin kasuwa, na ƙare mata kallo, ta zauna mini a kai. Ba na sayarwa ba ce."

Na roƙa ya miƙo mini. Na juya ta a hannu, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Sitiyarin ba nan yake ba. Hagu yake."

Tsohon ya ɗaure fuska. "Kai ka ƙera ta?"

"A'a, Baba. Ni ne na cikinta ranar da ka gan ta."

Ya dube ni. Sannan ya janyo wani buhu ya shimfiɗa kusa da shi, ya ce in zauna. Ashe ɓangare ɗaya ya gani, na dama, sauran duk daga kansa ya cike. Sitiyarin ma ya sa shi inda ya saba gani a motocin Kano. Ya ce, "To, gaya mini ɗaya gefen."

Na gaya masa. Bututun hayaƙi a waje yake bi ta gefen hagu. Tayar ajiya a baya take, a kwance kaɗan, ba a tsaye ba. Ƙofar direba tana da wani lanƙwasa inda ake ɗora gwiwar hannu. Ina faɗa ina zanawa a ƙasa da tsinke, shi yana gyaɗa kai, wani lokaci ya yi gardama ya ce ba yadda za a yi mota ta zama haka. Har la'asar ta yi ban sayi fitilar ba.

Kasuwa uku ina zuwa, tafiyar da ke cin yini a kan jaki. Ya warware ta ya sake haɗawa da darma. Ƙafafun ne suka fi ba shi wuya, ya samo wayar tsohon keke ya yanka guntu-guntu, kowace ƙafa sai da ya ɓata biyu kafin ta fito. Wani baduku maƙwabcinsa ya ba mu guntun jar fata aka yi kujeru da ɗamarar murfin inji. Fenti kuwa wajen masu gyaran kamiyo na roƙo, a ɗan murfin kwalba. Jan bai kai nata ba, ya ɗan yi duhu.

Da aka gama na ce, "Baba, yanzu sai ka sayar mini."

Ya ce, "Da na ce ba na sayarwa ba ce. Amma in na hana ka, za ka dinga zuwa kana hana ni aiki."

Ɗan rago na kai masa. Ya ce ya yi yawa, na ce bai yi ba. Na naɗe ta a rawanina, na taho gida da kai a buɗe cikin rana.

Matata ta tare ni a tsakar gida. Ta ga ba rago, ta ga abin da na kwance daga rawani.

Ta ce, "Ragon da na yi wata biyar ina ba shi dusa?"

Na ce, "Shi."

"Ina fitilar?"

Na ce na manta. Ta shiga ɗaki, kwana biyu ba ta yi mini maganar da ta wuce ta abinci ba. Ina ganin laifina, don ban shawarce ta ba. A rana ta uku na dawo daga gona na tarar an naɗe wani ɗan baƙin ƙyalle a bayan kujerun, an yi masa kalmasa da ƙaramin ɗinki. Na taɓa gaya mata labarin tamfol ɗin, ban zaci tana saurare ba. Kasuwa ta gaba na sayo fitila biyu.

Inna a lokacin ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ta ji ƴata tana ta murna, ta ce a kawo mata ta gani. Ta ɗora ta a cinya tana shafawa da yatsu, daga hanci har tayar baya.

Ta ce, "A nan kake zama?"

Na kama yatsanta na ɗora a kujerar hagu.

Ta ce, "Ashe wannan na raba ka da ita."

Na ce, "Haba Inna, ba ke ba ce."

Ta ce, "Ni ce mana. Kuma da za a sake, sai in sake aika kawunka." Ta miƙo mini. "Amma tana da kyau."

Na kafa mata ɗan katako a jikin bango, inda kaji da yara ba su kaiwa. Ranar Juma'a nakan sauko da ita in goge, in nuna wa ƴata inda giya take da yadda ake juya kan mota. Yanzu motar tana gidan ƴata a Mallawa, fentin ya ɓare, ƙafa ɗaya ta ɓata a hannun jikoki.

Dab da tafiyar Faransawa, na haɗu da wani direban kamiyo a kasuwar Magariya, wanda muka yi karen mota tare. Muna cikin hira ya ce, "Kai, na ga motarka a Kano." Wai tana bayan wani gareji, an ɗora ta a kan duwatsu, ba taya, ba fitila ɗaya, amma ita ce, har ɗamarar fatar tana nan. Mushe ya bar ta a can da zai hau jirgi, ban san dalili ba. Direban ya ce mako mai zuwa zai koma Kano, in ina so in zo in zauna gaba kusa da shi, kwana uku mu dawo.

Na ce ina so. Matata ta wanke mini riga, ta daka mini ƙuli-ƙuli na guzuri. Duk makon ina tunanin abin da zan yi in na gan ta. Ba gyara ta zan iya ba, ba sayenta zan iya ba. So nake kawai in zauna a kujerar hagu in riƙe sitiyarin.

Ana gobe tafiya, da azahar, hadari ya taso daga gabas. Ruwan farko ne, kuma ya yi yawa, ƙasa ta jiƙa har ta kai shuka. Wanda ya bar irin wannan danshin ya wuce, ya san abin da zai gani da kaka. Da safe na tsaya a ƙofar gida da rigata wankakkiya, ina kallon maƙwabta suna fita da sungumi da ƙoƙon iri. Na koma ɗaki na tuɓe ta, na ɗauki nawa sungumin.

Da muka gama shuka na je Magariya na nemi abokin nawa, aka ce an canza masa hanya, yanzu Maraɗi yake zuwa. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san a wace unguwa garejin yake ba. Gero ya yi kyau ƙwarai a shekarar.