Fijo Mai Niƙa Gahawa

Malam Hamid ba ya lissafin shekaru da Hijira, ba ya yi da Miladiyya, da Fijo yake yi. Ka tambaye shi yaushe ya baro Abeshe ta ƙasar Chadi ya zo Madina, sai ya ce zamanin 404. Aurensa da Murja, farkon 504. 'Yarsu Sundus kuwa ana gobe zai sayi 505 aka haife ta, har yau yana cewa ta sha gaban motar.

A bayan sitiyari ya tsufa, yau ya kai masu ziyara Uhudu, gobe ya kai masu ɗaura harami Bi'ir Ali. Kuɗin mota kawai za ka biya, darasi kyauta ne. Kafin ka sauka ka ji cewa motar farko ta kamfanin ƙafa uku gare ta, da tururi take tafiya. Ka ji labarin 402 da aka ɓoye wa fitilu a bayan ragar gaba, da wadda rufinta ke naɗewa ya shige but ɗin baya. Yakan rufe da cewa tun kafin mota, injin niƙa gahawa mutanen nan suke ƙerawa. Wani alhaji ya taɓa yin barci tun daga tururi, bai farka ba sai a gahawa.

Bara likita ya duba idonsa ya ce tuƙi ya ƙare. Malam Hamid ya lulluɓe 505 da tamfol, ya zauna a falonsa na unguwar Azizya, ba ya zuwa ko'ina sai masallacin unguwa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Mutumin da ba a iya tsayar da bakinsa ya koma sai an tambaye shi yake magana.

Sundus tana da lasisi da motarta.

"Yalla ya Baba, mu je ka sha iska," in ji ta.

"Motar da ba a sauya mata giya ai keken ɗinki ce. Halas, magana ta ƙare, ba na shiga."

Ba giyar ce ta dame shi ba. Kunya yake ji a ɗauke shi, shi da ya saba ɗaukar mutane.

Murja ta ga mijinta yana ramewa. Wata safiya ta ce injin niƙanta na lantarki ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau a ƙasan gado. Ta ajiye masa wani ɗan akwatin katako mai hannun juyawa, wanda Sundus ta samo a kasuwar tsofaffin kaya. Ya shafa gabansa da babban yatsa, ya ji tambarin zakin Fijo. Ya kama juyawa.

Daga ranar gidan bai sake hutawa ba. Ya niƙe gahawar gida, ya bi da ta maƙwabta, kuma duk wanda ya kawo niƙa sai ya ji tarihin tururi tun daga farko. Ba a jima ba ƙwaya ta ƙare.

"Sundus ta sayo," in ji Murja.

"Sundus ta san ƙwaya? Sai na shinshina da kaina, wurin Osman mai gahawa a Uhudu."

Murja ta dubi Sundus. Shi ma ya ji abin da ya faɗa: zuwa Uhudu sai da mota. Ya daɗe yana neman takalminsa da ke gabansa.

A mota ya zauna a sandare, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu. Suka wuce danja, suka zaga shataletale, motar ba ta ko girgiza ba. Da Sundus ta tsaya a ƙofar shagon, bai ji lokacin da suka tsaya ba.

"Wa ya koya miki birki haka?" ya tambaya a hankali.

"Kai mana, ya Baba. Ina kujerar baya duk shekarun nan, kuma ni ban taɓa yin barci ba."

Malam Hamid ya laluba hannun ƙofa, sannan ya fasa.

"Osman ba ya gudu," in ji shi. "Ƙara zagaye ɗaya."