Kazar da Ta Riƙe Ƙafar Baba

Shekarar da wani sa ya take Baba a kara, kasuwar shanu, ina makarantar firamare a unguwar Titiru, zamanin juyin juya hali da kowa a Paraku ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har mai sayar da ƙosai. Baba mahauci ne. A asibiti suka ɗauki hoton ƙafar da ta karye, suka zuba mata siminti daga idon sawu zuwa cinya.

Baba ya yarda da likita, amma yardar ba ta cika ba. A Partago, can gefen Jugu, akwai wani tsohon maɗori mai aiki da kaza. Yakan karya ƙafarta daidai inda ta majinyaci ta karye, ya ɗaure su duka biyun, ranar da kaza ta taka mutum ma ya taka. Lokacin hukuma na farautar bokaye, tsohon ya ce ko da kuɗi ba zai zo Paraku ba. Sai aka raba aiki: likita ya riƙe Baba, maɗori ya riƙe kaza. Kawu, ƙanin Inna, direban babbar mota ne a hanyar Jugu, shi ya kai jar kazarmu.

Duk ranar da Kawu ya dawo, kafin a gaisa Baba zai ce, "Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Yaya. Tana cin dawa."

"Ta taka?"

"Tukuna."

Aka fasa siminti, likita ya duba hoto ya ce ƙashi ya haɗe, kamarad ya tashi ya dinga takawa, in ba haka ba gwiwa za ta sandare. Baba ya ce to. Da muka dawo gida ya miƙe a tabarma ya ce ba zai riga kaza ba. Gwiwar ta fara ƙin lanƙwasuwa, teburinsa na kasuwa kuma wani na ta zagaye shi. Na tsani kazar nan kamar me.

Ran nan Kawu ya ja Inna bayan ɗaki suka yi ƙus-ƙus. Washegari ya shigo da jar kaza yana washe baki, ya sake ta a tsakar gida. Ta yi ta yawo kamar ba a taɓa taɓa ta ba.

Baba ya ce a miƙo ta. Mutumin da ya yi shekaru yana fasa ƙashi za a yi wa wannan? Ya shafa ƙafa ɗaya, ya shafa ɗayar, bai ji ƙullin ɗori ba.

"Ina tawa?"

Inna ta fashe da kuka. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don na ga Baba ya zama gurgu an gama.

Kawu ya sunkuyar da kai. "Shaho ya ɗauke ta, Yaya."

"Shaho ya shiga ɗakin maɗori?"

"A'a, a juji ya same ta, tana tono."

"Tono? Da wace ƙafa ta tsaya?"

Kawu ya ce, "To, da su duka, ina ji."

"Kai dai an yi sakarai! Kaza ta taka har ta je juji, ka bar ni kwance ina ruɓewa?"

Ya dafa kafaɗata ya yunƙura. Gwiwar ta yi ƙara, ya yi salati, ya ɗora ƙafar a ƙasa. Inna na kuka tana dariya, shi kuwa yana ɗingishi zuwa ƙofa yana tambayar wa ke zaune a teburinsa.