Sunan Ummu Haisam

Shekara talatin da ɗaya Miflih ya yi yana aiki a matsar man zaitun da ke bakin ƙauyensu, a tsaunukan Ajlun. Da ƙamshi kawai yake gane man da aka bar 'ya'yansa suka kwana biyu a buhu. Ba mai kiransa Miflih sai takardar asibiti. Tun ranar da aka haifa masa ɗa namiji ya zama Abu Haisam, matarsa Tamam kuma ta zama Ummu Haisam. 'Yan mata biyu suka biyo baya, aure ya kai su nesa.

Haisam ya yi karatun sinadaran tsirrai a Irbid, ya zauna can yana bincike. A shekarar da uwarsa ta fara ajiye burodi cikin akwatin tufafi, ta kuma ɓata a hanyar maƙwabta, ya bar abin da yake yi ya koma kan ganyen zaitun. Duk Alhamis sai ya zo gida ya cika jaka biyu daga gonar ubansa.

"Mu mun matse 'ya'yan mun ci," in ji Abu Haisam, "kai ka je jami'a ka dawo kana bin ganye kamar akuya."

"Baba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ma suna wahala. Idan shekaru suka ja, wani abu kamar tsatsa ke cin su. A cikin ɗacin ganyen nan akwai abin da ke rage cin."

"Wato uwarka ta yi tsatsa."

"Kai ne ka yi tsatsa, tsohon inji!" in ji Ummu Haisam daga kicin. "Ka dai ji gwiwarsa in zai tashi."

Haisam bai taɓa cewa magani ba ne. Ya ce a farantin gilashi na ɗakin gwaji ƙwayoyin sun fi jurewa, a jikin mutum kuwa ba wanda ya sani tukuna. Amma ya auna busasshen ganye, ya nuna wa ubansa yadda zai tafasa mata kofi ɗaya kowace safiya, bayan ƙwayar da likita ya rubuta.

Haisam yana da shekara talatin da huɗu ya rasu, a hanyar Irbid, ranar da aka wuni ana ruwa. Aka faɗa wa uwarsa. Kwana uku ta yi tana kuka cikin mata. A rana ta huɗu ta leƙo tsakar gida, ta ga ana kwashe kujeru da butocin gahawar makoki, ta tambayi mijinta wa ya mutu.

Daga nan duk wanda ya ce mata Ummu Haisam, sai ta ɗaga kai ta ce, "Ya dawo?" Sau biyu Abu Haisam ya faɗa mata gaskiya. Sau biyun duka ta karɓe ta sabuwa, ta faɗi ƙasa, ta yaga wuyan rigarta, washegari kuma babu komai a ranta. Da ya ga sunan ne ke tono tambayar, sai ya bi gidajen unguwa yana roƙo a daina kiranta da shi.

"To mu ce mata me?" in ji ƙanwarsa Sabha.

"Ku ce Hajiya."

"Mu mun samu. Kai fa, Yaya? Hajiya za ka ce wa matarka, kamar ka zo sayen cuku?"

Ya kwana biyu yana juya maganar. Shekara talatin da huɗu rabonsa da kiranta da sunanta na yanka, har bakinsa ya yi nauyi. Ya gwada a gona shi kaɗai, sau uku, kafin ya shiga ɗaki da kofin.

"Tamam, ga shayinki."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Kai ɗan wane ne da za ka kira ni gatsal? Ina da miji, ina da ɗa namiji. Fita kafin su zo."

Ya yi dariyar dole, ya ce shi ne fa. Ta juya wa bango fuska. Ba ta karɓi kofin ba, ba ta karɓi ƙwayar ba, da azahar ma ba ta taɓa abincin da ya kawo ba. Ta ce ba ta ci daga hannun baƙo. Sabha ta zo ta lallashe ta da cokali kaɗan na nono, amma Sabha na da nata gidan da nata ciwon baya.

Kwana biyar aka yi haka. Tambayar ta tsaya cak, kamar yadda ya so. Ba ta ƙara ambaton yaron ba. Ta zauna a gefen katifa, hannu bisa gwiwa, tana jiran mutanen gidan su dawo, zobenta ya fara yi mata yawa. Shi kuwa yana zagaye ɗakinsa kamar ɗan haya, ba wanda ke ce masa Abu Haisam a ciki.

A safiya ta shida ya tafasa ganyen, ya tace, ya jira ya huce daidai sha. Ya ɗauki kofin ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ummu Haisam."

Ta waiwayo, mayafin ya zame.

"Abu Haisam! Ina ka shiga? Wani mutum ya yi ta shigo mini ɗaki."

"Ya tafi. Karɓi."

Ta karɓa da hannu biyu, ta kurɓa, ta yamutsa fuska don ɗaci, ta sake kurɓa. Sai ta dubi ƙofa ta bayan kafaɗarsa.

"Ya dawo?"

Abu Haisam ya zauna kusa da ita, ya tallafi gindin kofin kada ya zube.

"Bai dawo ba," ya ce. "Shanye."