Jakin Kawu da Takin Ladan

Kafin Nasara su iso ƙasar Katsina, masu jin Turanci a garinmu Gozaki su biyu ne: kawuna da jakinsa. A cikinsu jakin ya fi riƙe karatu.

Kawu ya bi ayarin goro yana saurayi, ayari ya dawo babu shi. Ashe Ikko ya zarce, ya yi shekaru yana dako a bakin teku, inda wani Banasare ke tsayawa kan masu sauke kayan jirgi yana daka musu tsawa. Abin da ya kwaso na harshen ke nan, umarni zalla. Gaisuwa ko ɗaya bai iya ba, don shi dai ba a taɓa gaishe shi da Turanci ba. A hanyar dawowa ya sayi ɗan jaki a Bida, da yake kuma ba shi da abokin hira, sai ya yi ta zuba masa Turanci har gida.

Ni a lokacin na fara karantarwa a zauren mahaifina, na ɗan taɓa nahawu, ina ganin ba harshen da zai gagare ni warwarewa. Na zaunar da Kawu na ce ya baje mini kayansa. Ya ce "kam" shi ne zo. "Kam in" shigo, "kam awut" fito, "kam bak" dawo. Na ce ai wannan ba wuya. Mu muna lanƙwasa ƙarshen fi'ili, fita ta koma fito, su kuwa sun bar fi'ilin a miƙe sun ɗaura masa wutsiya. Ya ce "on" kuma a kai. Na ce ashe "kam on" hawo ke nan. Ya ce a'a, yi sauri. "Hol" riƙe ne, amma "hol on" dakata. "Kari" ɗauka ne, amma "kari on" ci gaba da abin da kake yi, ko da hannunka biyu kake tafe.

"Kawu, wa ya tsara musu wannan?"

"Malam ƙarami, mutanen da ke sauke jirgi ina suka ga lokacin tsari?"

A nan na gane fi'ilinsu irin mutumin nan ne da halinsa ke sauyawa gwargwadon wanda ya zauna kusa da shi. Jakin bai taɓa tambayar dalili ba, shi ya sa ya riga ni ƙwarewa.

Maƙwabcinmu na katanga ladanin masallacin unguwa ne, kuma taubashin Kawu, tun suna yara ba su iya haɗuwa ba tsiya. Gonarsa tana bayan gari ta hanyar Kafur, ta gaji, bara wuta-wuta ta cinye masa dawa. A ranin nan ya yi magana da wasu Fulani su sauka da shanunsu a gonar, wani ya riga shi da alkawarin dammunan dawa masu kauri. Bai rage masa ba sai jujin takin da ya tara a bayan gidansa, wanda dole a kai shi gona a baza kafin ruwan shuka. Jakinsa kuwa ya mutu da kaka. 'Ya'yansa duk mata ne, suna gidajen mazansu. Aro ba ya yiwuwa, don a bazara kowane jakin Gozaki yana ƙarƙashin mangalar mai shi.

Kawu ya ce shi ya gama yawon duniya, saƙa zai koma, ga jaki yana cin harawa a banza. Aka yi ciniki a ƙofar gidanmu, aka sallama, Kawu ya kai jakin da kansa ya ɗaure a turken Ladan.

Gari ya waye Ladan ya ɗora akumari, ya cika mangala da taki, ya kwance igiya, ya yi irin kiran da kowa ke yi wa jaki. Jaki ya dube shi kamar baƙon da aka yi wa magana da yaren da bai sani ba yana jiran tafinta. Ladan ya ja, jaki ya kafe. Ya sa sanda, jaki ya zagaya turke ya dawo inda yake. Kafin hantsi ƙara ta iso gaban mahaifina, wanda shi ke sasanta irin wannan a unguwa.

Ladan ya ce, "Malam, an sayar mini da dabba mai aibi, an ɓoye mini aibin. A mayar masa da abinsa."

"Wane aibi?" in ji Kawu. "Gurgu ne ko makaho? Ilimi ya yi masa yawa, shi ke nan. Kai ne ka sayi abin da ya fi ka karatu."

"Ka ji ko, Malam? Mutum ya tafi neman arziki shekara da shekaru, ya dawo da jaki mai taurin kai irin nasa."

Mahaifina ya jima yana shafa gemu. Ya ce ya karanta babin ciniki ba sau ɗaya ba, ya ga an lissafa cizo da harbi da gudun turke, bai ga inda aka ce jin harshe aibi ne ba. Ciniki ya tabbata. Sai dai kamar yadda ba a sayar da jaki a riƙe igiyarsa, haka ba a riƙe kalmominsa. Kawu ya koya wa Ladan.

Ladan ya dafe ƙirji. "Da bakin da nake kiran jama'a salla?"

"Da shi kake zagina tun muna yara," in ji Kawu, "ban ga ya rage maka murya ba."

Uku kawai yake buƙata: "kam on" a tafi, "hol on" a tsaya, "go bak" a ja da baya. Ladan ya karɓe su kamar mai karɓar maganin ɗaci, ya ce zai gwada, amma a ɓoye, ba gaban jama'a ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, Allah bai halicce shi da raɗa ba. Mutum ne da in ya yi kira a Gozaki, masu kwana a gona suna ji. Ya shige can bayan gidansa inda turke yake, ya rufe ƙyaure, ya matsa kusa da kunnen jaki, ya faɗa a hankali a ganinsa. Mata a bakin rijiya suka ajiye guga. Ga shi kuma ya saba jan sauti, ya miƙe kalmar ta yi tsawo kamar zaren da ake kaɗi, alhali Kawu a guntule yake jefa ta kamar tari. Jaki ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, bai motsa ba.

Da azahar tsofaffin unguwa suna alwala, wani ya ga Ladan tafe ya ce, "Malam Ladan, lokaci ya yi fa. Kam on." Har liman sai da ya sunkuyar da kai yana gyara rawani.

Daga ranar Ladan ya ce shi da Turanci har abada. Ya bar jaki a turke, ya ɗauki kwando, ya fara jidar taki a kansa. Dattijo ne, gonar kuwa da nisa. Juji bai nuna an taɓa shi ba, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar yana komawa. Kowa ya san in ruwa ya sauka takin nan yana gida, bana ma Ladan sai ya sayi hatsi.

Kawu yana zaune a masaƙarsa gindin tsamiya, hanyar gonar ta gabansa ta bi. Ina kusa da shi ran da Ladan ya wuce da kwando, wuya ya lotsa, taki na zubo masa a kafaɗa. Na jira tsiyar da aka saba, ban ji ba. Tun da Kawu ya sayar da jakin ma saƙar ba ta sauri, kuma na sha jin sa yana ce wa kwarkwaron saƙa "kam on" ba mai amsa masa.

Ya miƙe ya nufi gidan Ladan, na bi shi. Jakin na hango shi ya ɗaga kunnuwa ya saki kuka.

Ladan ya dawo ya same shi yana ɗaura akumari. "Me ya kawo ka? Ciniki ya tabbata, in ji Malam."

"Ba don kai na zo ba. Na ji yadda kake lalata masa Turanci, in na bar shi a hannunka zai koma jahili irinka. Ɗauko mangala."

"Ba ni da ladan da zan biya ka."

"Ai sunanka ke nan, ya ishe ni. Cika, kana ɓata mana rana."

Haka aka yi jidar. Ladan na cikawa, Kawu na kora, jaki na tafe har da ɗan rangwaɗa. Daga ƙofar gari zuwa gona kana jin su: "kam on," "go bak," sai kuma wasu dogayen maganganu da na tabbata Kawu ƙirƙirarsu yake yi, jakin kuwa bai taɓa tona masa asiri ba. Ladan na biye a baya yana istigfari a bayyane don kowa ya shaida ba da bakinsa ba.

Suna baza tsibin ƙarshe iska ta juya, ƙamshin ƙasa ya taso. Suka dawo a jiƙe su uku. A ƙofar gida Ladan ya tsaya yana matse hula, ya ce ba tare da ya dubi Kawu ba, "Da kaka akwai jidar dawa."

"Sai na tambaye shi," in ji Kawu, "ko yana da sarari."